Akushi Ya Fito, Ba a Ji Daka Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Alfadari da ke Ikko, uban kantuna, ubangidan gwangwani, wanda ba mu taɓa gani ba amma sikelinsa ya san mu sarai.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta alfadarin nan da ke zane jikin kayanku, wanda na lura bai taɓa ramewa ba ko a shekarar fari. Ni ne Mainasara Yari na Wurno, tsohon malamin allurar shanu. Na yi boko tun zamanin da ake kai yara da kuka, iyaye na bin su da nasu kukan. Yanzu ƙarfi ya tafi, haƙoran da sunka rage mini ba su isa su zauna shawara ba. Ina da ƙara a kan taliyarku. In ka ga rubutun yana rawa, rabi tsufa ne, rabi dariya.

Bari in fara da abin da ba a gani daga Ikko. A unguwarmu, in an sallame magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma ƙofar gidan Liman, kowa akushinsa ya fito daga gida, a haɗa a ci tare. Shi muke kira ciyayya. Can ake jin wanda anka yi wa haihuwa da wanda jakinsa ya shiga gonar suruki. Tun da mai ɗakina Habi ta rasu ba ni da akushin fitarwa. Ɗiyata na aure a Shinaka, ɗana ya tafi Gwanja ya manta hanyar gidan waya. Maƙwabta sun ce in zo haka nan, na kuwa je kwana kaɗan. Amma hannun da kullum akushin wani yake shiga, yau da gobe nauyi yake yi. Sai na koma ɗaki, ana aiko mini tuwo, ina ci ni da ƙadangaren bango.

Ana nan sai akawun kantinku, Halliru, ya buɗe wani kwali ya tarar da wasu tsinkaye masu ruwan ƙwai. Mata sunka ce tsintsiyar Turawa ce. Ba wanda ya taya. Sai Ƙasimu, tsohon soja mutumin Rabah, wanda ya yi gadin fursunonin Italiya a yaƙin Habasha, ya shigo sayen ashana. Da ya gan su ya ƙame ya sara musu. Shi ya biyo ni gida ya koya mini: ruwa ya tafasa, a sa gishiri, a zuba tsinkayen. A gefe a soya albasa da tafarnuwa da man gyaɗa, a juye tumatirin gwangwani da kifin gwangwani. In akwai cukun Buzaye a goga shi a dutse a barbaɗa. Shi ke nan. Kafin ladan ya gama gyara murya an sauke. Ranar na ɗauki akushin Habi, na wanke shi, na cika, na fita da shi da hannuna. Ga laifuffukanku daga nan.

Na ɗaya. Wane irin abinci ne wanga da ba a sussuka, ba a surfe, ba a niƙa, ba a tankaɗe? Tsoho kamata, wanda buta ma sai ya yi bisimilla biyu yake ɗaga ta, a ce ya yi girki yana zaune, har ya samu lokacin kora kaji? Kuma ya ci ba tare da neman izinin haƙori ba? In kun san da wannan tun da daɗewa, ina kuke duk shekarun da Habi ta yi tana sunkuye kan turmi?

Na biyu. Kun aiko abinci ba ku aiko ladabin cinsa ba. Mu loma munka sani. Taliyarku ba ta yin loma. Ka kama kanta, wutsiyarta na akushi. Lawwali mahauci ya ja guda ɗaya har ya miƙe tsaye, bai ga ƙarshenta ba, ya ce, “Malam, wagga aba igiyar guga ta ko abinci?” Liman, mutum mai kamun kai, ya zuƙi tasa, ta yi tsalle ta naɗe masa gemu, ya yi sallar lisha da jan gemu kamar ya sa lalle. Ƙasimu ya ce can Italiya da cokali mai yatsu ake naɗe ta. Lawwali ya ce nasa yatsun sun fi na cokali yawa, kuma ba a saye su kanti ba. Na yi dariya har tari ya kama ni, anka yi ta bubbuga mini baya. Rabona da a bubbuga mini baya na manta. Wa zai ɗauki alhakin haƙarƙarina?

Na uku. Ina yaba wa hikimar kamfani. Tumatir na ruɓewa a fadamar Rima, masunta na rantsuwa kan kifi a kasuwar Goronyo, gyaɗarmu kuwa kun san inda take, tunda motarku ke kwashe ta. Amma sai da kunka kulle tumatir da kifi cikin ƙarfe, kunka ƙetaro teku da su, sannan munka gane abin marmari ne. Allah shi ƙara basira. Tambaya ɗaya Liman ya ce in miƙa: kifin nan duk ba su da kai. Ina kawunan? In wani ke cinye su a ofis, ba mu hana ba, a dai faɗa mana.

Na huɗu, a nan mutuncina ya shiga. Ranka shi daɗe, a Wurno ba a ɓoye girki. Turmi ke shela. Kowace mace ta san dakan maƙwabciyarta kamar yadda ta san tarin mijinta. To ga akushi na fitowa kullum daga gidan da ba a ji daka ba, ba a ga an kai niƙa ba, ba a ga dusa ba. Mi kake zaton za a ce? Cewa anka yi Malam Mainasara ya yi aure a ɓoye don kada ya raba goro. Wasu sun ce Bafillata ce daga Giyawa. Wasu sun ce ba mutum ba ce. Tsofaffin da munka yi ƙuruciya tare sun daina amsa gaisuwata sai da “ango”. Ni da gwiwata ke ƙara kamar ƙyauren kara!

Mata sunka wakilta Zinariya mai daddawa, wadda mijinta ya rasu tun shekarar da gulbi ya ci gonakin albasa. Ta shigo wai ɗibar wuta. Mai ɗibar wuta ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe randa. Sannan ta juyo ta ce, “Malam, ina amaryar? Ba ta daka, ba ta tari, ba ta gaida mutane. Fito da ita mu ga ko tana da ƙafafu.” Na nuna mata tukunya. Ta duba, ta dube ni da muciya a hannu, ta zauna daɓas tana dariya har kallabinta ya zame. Ta ci, ta ƙara, ta ce gishiri ya yi kaɗan kuma ba daddawa. Wutar da ta zo ɗiba har yau tana nan.

Na biyar, shi ne babba. Taliya ta ƙare a kanti. Halliru ya ce kwalin ma kuskure ne ya kawo shi, na kantin Turawa ne a Sakkwato, direba ya sauke a Wurno. Ya ce ya rubuta a ƙaro, anka amsa masa daga ofishinka cewa wannan ba cimar mutanen ƙasa ba ce, ba za su san yadda ake yi da ita ba. Gaskiya ne, ranka shi daɗe, gemun Liman shaida ne. Amma kuskuren nan naku shi ne alheri mafi girma da kamfani ya taɓa yi wa garin nan, kuma na lura shi kaɗai kunka yi hanzarin gyarawa. Daren da akushina bai fita ba, ina zaune a ɗaki ina jiyo dariyarsu daga ƙofar Liman. Da can na saba. Yanzu kun ɓata mini sabon. Wanda ya koma kan tabarma, da wace fuska zai sake komawa wajen ƙadangare?

Na shida. Washegari Zinariya ta zo ba dalilin wuta. Ta tsinci guntun tsinke ɗaya a gindin murhu, ta tauna, ta tofar, ta ce, “Wanga shi na abin da kaka yi wa zaman makoki? Alkama ta, Malam. Alkamar da muka nomawa a fadama.” Ta tafi ta kwaɓa gari, ta murza shi a tafin hannu siri-siri, ta shanya a igiya. Ba zan ce ta fi taku ba, don ina girmama kamfani. Lawwali ne ya ce, kuma ya lashe akushin. Sai dai ta kafa sharaɗi. Ta ce ita ba ta shiga gidan gwauro kullum tana murza masa alkama, mutanen gari na kallo, an riga an yi masa amaryar ƙarya, ba za a yi da ita ba. Ko in jira motar Alfadari, ko in aika wajen yayanta a Maikujera. Liman ya yanke cewa in mota ba ta iso da taliya ba kafin a ga sabon wata, a sayo goro.

Ka ga inda kunka kai dattijo. Saboda haka ina roƙon Mai Girma, da dukkan ladabi, ya ba da umurni a ɗoro kwalin taliya zuwa Wurno, domin a san kamfani ba ya yasar da masu sayen kayansa. Sai dai a matsayina na mai son lafiyar ma'aikatanku, wajibi ne in sanar da kai cewa damina ta yi nisa, hanyar Rabah duk laka ce, gulbi kuma ya cika ya batse. A ja wa direba kunne ya bi a hankali. Ya kwana inda dare ya same shi, ya ƙara kwana in ya ga hadari, ya duba ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya. Watan ma ya kusa, kuma na riga na ba da ɗinkin riga.

Naka mai biyayya, da durƙuso iyakar inda gwiwa ta yarda,

Mainasara Yari,
Tsohon Malamin Allurar Shanu,
Kusa da gidan Liman, Wurno.