Rasuwar Beryl, Wadda Malafa Ta Rufe Ciwonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda ya ƙi ɗaguwa, Desmond Kowald, wanda aka fi sani da Des, na gonar shanu ta Wirrabilla, yamma da garin Quilpie, yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar motarsa Beryl, farar akori-kura, wadda ta cika ranar Alhamis da hantsi a ƙofar kasuwar shanu. Ta rasu tana da mako bakwai a hannunsa, ko ledar kujerunta ba a ɓare ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Taɓawa ɗaya take tashi, ba ta tari, ba ta ɗigar da mai, ta yi dakon gishirin shanu da wayar shinge ba ta taɓa gunaguni ba sai da wuya ta kai wuya.

Sanin kowa ne, shekara talatin ba a kai mota gareji a yankin nan sai Des ya saurare ta. Yakan karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon, har aka laƙaba masa Likita. Shi ya sa ranar da mai sayar da Beryl ya fara nuna masa maɓallanta, ya katse shi: "Ɗana, ina tuƙi tun ba a yaye ka ba. Miƙo makulli."

Jinya ta samo asali ne daga ruwan da aka tafka a mako na biyu. Des ya murɗa maɓallin giyar taimako, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, ya fita daga taɓo lafiya. Da tsohuwar motarsa ce, a ƙofar shinge ta ƙarshe, inda burji ke haɗuwa da kwalta, in ya sauka buɗe ƙofa yakan murɗe makullan tayoyin gaba ya cire taimakon. Ya duba tayoyin Beryl bai ga abin murɗawa ba, sai ya yanke hukuncin cewa 'yar zamani ce, da kanta take cirewa. Ya kife malafarsa a kan maɓallin, wurin ya zama mazauninta. Wata 'yar fitila da ta dame shi da ƙyaftawa kuwa, ya liƙe ta da baƙin salatif.

Daga nan marigayiyar ta fara magana. A kowace kwana sai ta ce "gurrr", tayoyi su amsa "ƙiii-ƙiii", sitiyari ya sandare. Likita ya lumshe ido ya ce boris ne, ya sauya boris. Ya ce farfela ce, ya shafe ta da giris. Da abin ya ƙi, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya shelanta cewa da ciwonta aka ƙera ta. Matarsa Merle ta ce, "Des, ko za ka leƙa littafin motar nan?" Ya ce, "Littafi ai na kurame ne."

Kalmar Beryl ta ƙarshe ita ce "ƙwas!", a gaban makiyaya wajen arba'in.

Raelene Tuohy, bakanikiyar gari, ta iso da janwe. Ba ta buɗe bonet ba. Ta leƙa ciki, ta ɗaga malafar, ta daɗe tana kallo, ta mayar da ita a hankali. "Kawu Des," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "mako biyar tana cikin taimako a kan kwalta. Gaba na ja, baya na ja, ba inda taya za ta zame. Haƙoran giyar sun zube kaf." Maƙwabcinsa Clarrie, wanda bai iya raɗa ba, ya ce, "Likita, ashe ɗaga hula kawai ake yi?" Des ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, don shi mai kunne ne, kuma mako biyar Beryl tana faɗa masa ciwonta.

Ta rasu ta bar safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da yayarta tsohuwar mota wadda aka dawo da ita aiki tana tari, da littafinta a cikin ledarsa. Kullum dai Merle takan ajiye littafin kusa da farantin karin kumallon Des.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan garejin Raelene. Akwai shayi da gasasshen nama. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya kawo mota a saurara masa, Likita ya rufe asibiti. Mai makoki zai karanta shafi na ɗari da sha biyu na littafin motar da babbar murya, sannan ya tsaya karɓar gaisuwa a rana kansa ba komai, don malafar tare da Beryl za a binne ta.