Gaisuwar Hanci a Al Wakrah

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ɗan maigidana a Al Wakrah, ko da kuwa na so in manta.

Shekara shida ina tuƙa wani dattijo ɗan Qatar da nake kira Baba, kuma burina ɗaya: ya yi mini irin gaisuwarsu ta haɗa hanci da hanci, wadda sai nasu suke yi wa. (Ni dai hannu ake miƙo mini, shi ma yatsu uku.)

Hancin nawa kuwa ya daɗe yana wahalar da ni. Da na ja numfashi sai gefensa ya lotsa ya toshe, in koma shaƙa ta baki. Likita ya ce bangon ciki ne ya yi laushi. Ya kashe zafin wurin, ya zura wani ɗan ƙarfe mai ɗumama naman don ya yi ƙwari. Ko kwana ban yi a asibitin ba. Ya dai ja mini kunne: "Kwanakin nan kada komai ya danne shi."

Ban gaya wa kowa ba. Na san mutanen ɗakinmu na unguwar Mu'aither, kafin la'asar labari ya kai Zariya cewa na je gyaran hanci don neman aure.

Kwana uku da aikin aka yi biki. Na sha babbar riga, na bi layin masu taya murna. Da na iso, Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa baƙinsa, "Wannan ɗana ne." Sai na ga fuskarsa tana matsowa.

Jama'a, abin da na jira shekara shida! Amma jikina bai shawarce ni ba. Na yi tsalle baya, na rufe hanci da hannu biyu, na ƙwala ihu da Hausa zalla: "Wayyo hancina!" Gwiwar hannuna ta kifar da farantin dabino. Dattijo ya tsaya wuya a miƙe yana gaida iska, baƙi suna kallona kamar warinsa na gudar wa. Kunya ta kashe ni. Na ce shi ke nan, ɗa ya koma direba, tuƙin ma sai abin da Allah ya yi.

Da guntun Larabcina na fasa sirrin a gaban kowa, har ina jan kumatu ina nuna musu yadda nake numfashi a da. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Ashe kai ne!" ya ce. "Wannan shaƙar da nake ji a mota, sau biyu ina sa ka kai ta gareji!"

(Kuma ni na kai ta, alhali na san hancina ne.)

Bayan wata guda, a zauren baƙinsa, ya tambaye ni, "Ya warke?" Na ce ras. Ya ce, "Yalla," wato in matso. Sau uku ya haɗa hancinsa da nawa, na fito ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Tun daga ranar na gane: in za ka ɓoye ciwo, to kada ya zama wanda ke tsakiyar fuskarka.