Bindigar Araha Da Ƙofar Gidana

Ranar Litinin na taso daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da ƙofar gidana kwance a tsakiyar falo tana hutawa. Da rana tsaka wani bawan Allah ya sa mata ƙafa, ya shiga, ya ɗauke talabijin da zarton injin marigayi babana, har ya buɗe firij ya yi wa kazata rabi. Nan take na kira 'yan sanda. Suka iso ranar Talata.

Kada mai karatu ya ga laifinsu. Motocin sintirin garinmu Tarver Creek duk sun gaji, domin shugabansu, Ranka Ya Daɗe Sarkin Tsaro, ya zuba kuɗin gyaransu a wata motar sulke da ya sayo kwancen soja. Allah ya ƙara masa hangen nesa. Faɗinta bai barin ta shiga layinmu, amma duk ranar faretin gari tana fitowa ana watsa wa yara alewa daga samanta, kuma tun da aka kawo ta babu ƙasar da ta kawo mana hari.

Ɗan sandan da ya zo ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya ce, "Malama, ke kaɗai ce a gidan nan?"

Na ce, "Ni da harajin da nake biya."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Da ƙanwata ce ke, da cewa zan yi ki nemi bindiga."

Madalla. Hukuma ta karɓi kuɗina don ta tsare ni, ta kuma aiko a gaya min in tsare kaina.

Ni Raelynn Tuttle ba a san ni da kuka ba. Da wankin kwanuka a gidan abinci na yi jami'a, na kuma ci sanyin bara da riga uku saboda tsadar gas ɗin ɗumama ɗaki. Na ɗaga ƙofar na jingine ta, na tokare ta da kantar littattafaina, ilimina ya yi rana ke nan. Amma ba a kwana a haka har abada. Na je kantin kayan gini na tambayi ƙofar ƙarfe da madogararta, ɗan abin da na tara bai kai ba. Na tsallaka titi zuwa shagon jingina na Kawu Dewey Gaskins, aminin babana, sai ga shi kuɗin nan sun isa ƙaramar bindiga har da canji. A wannan kusurwa tamu ta Amurka, bindiga ta fi ƙofa araha.

Kawu Dewey ya zaro ta daga ƙasan gilashi, tsakanin zobban aure da wata tsohuwar jita. Baƙa ce, mummuna, kanta kamar bulo, nauyinta kamar dutsen guga.

Ya ce, "Ga ta talakawa, 'yar aminina Virgil. Ita ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ke dai ki riƙa jan kunama. In ta ga dama."

Na ce, "In ta ga dama, Kawu?"

"Sabuwa ce, sai ta saba da ke. Ki je filin gwaji ki ƙona akwatunan harsashi kamar biyar, daga nan ta rage cijewa."

Na duba farashin akwatunan. Sun kusa kamo ita bindigar.

Ya ce, "Kuma garantinta har abada ne. Duk ranar da ta cije, ki aika wa kamfani ta gidan waya."

Na ce, "Ɓarawon fa? In ba shi kujera da shayi ya jira ta dawo?"

Ya ce, "Sai ki jefe shi da ita. A wannan kam ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Na ajiye masa abarsa na tafi gida ina tunani. Ɓarawona ba ya zuwa sai ina aji. Doka ta hana ni shiga makaranta da makami, kuma ko ta yarda ba zan tsaya gaban 'ya'yan mutane da bulo a ƙugu ba. Ke nan bindigar gida za ta zauna, ita kaɗai, bayan ƙofar da ba ta rufuwa. Wato in yi wa ɓarawo tsaraba, ya ɗauke ta, in zai sake dawowa ya shigo min da makamina a hannu.

Ina cikin wannan sai maƙwabcina Baba Orville Pruitt, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya leƙo ta kan shinge.

Ya ce, "Farfesa, ke da karatu har wuya, ba kya karanta takardar da ake liƙawa a coci?"

Na ce, "Baba, in wa'azi ne ka bari sai na samu ƙofa."

Ya ce, "Ƙofar nake gaya miki, sarkin taurin kai."

Ashe zaɓe ya matso, Mai Girma Uban Gari ya samo tallafi, ya sa ranar Asabar ta zama ranar miƙa makamai. Duk wanda ya kawo ƙaramar bindiga mai aiki, ba tambaya ba bincike, za a ba shi katin sayayya na kantin kayan gini. Wani ƙwararre aka ɗauko daga babban birni ya yanke darajar katin, kuma da gani bai taɓa leƙa shagon Kawu Dewey ba, domin katin ya kusa ninka kuɗin bulon nan. Ina jinjina wa masu mulkinmu. Ba kowace hukuma ke sayen kaya fiye da yadda mai shago ya yi ƙarfin halin faɗa ba.

Ranar Juma'a na koma na saya. Irinta biyu kacal suka rage a shagon. Kawu Dewey na murmushi har kunne.

Asabar da safe layi ya zagaye filin ajiye motoci na coci, kowa rungume da kwali iri ɗaya da nawa. Goggo Wanda Sizemore, shugabar mawaƙan coci, ta zo da biyu a kwandon da take kai waina gidan rasuwa.

Baba Orville ya ce, "Wanda, ashe ke ce 'yar ta'addar da ake nema a garin nan?"

Ta ce, "Rufe min baki, tsohon banza. Famfon banɗakina ke zuba."

Ina cikin dariya sai wani jami'i ya ɗaga murya ya ce katunan sun kusa ƙarewa. Na leƙa, mutane da yawa a gabana. In suka ƙare, na tashi ba kuɗi, ba ƙofa, sai bulo mai cijewa. A daidai nan Mai Girma ya iso, aka tsayar da komai don ya yi jawabi kan yadda ya tsarkake titunanmu. Muka tsaya cikin rana muna tafi da hannu ɗaya. Da layi ya zo kaina, tawa ya zaɓa ya ɗaga sama don masu hoto, ya ce ga irin makaman da ke hana iyalai barci. Takardar farashin Kawu Dewey tana reto a jikinta. Na karɓi katina na yi godiya kamar 'yar kirki.

Ban kai mota ba katunan suka ƙare, masu hoto suka naɗe kayansu, Mai Girma ya bi su. A ƙarshen layi akwai wata dattijuwa da ban sani ba, ta naɗo tsohuwar bindiga a tawul. Ta ɗanta ce, ta ce tun da aka binne shi ba ta son ganinta a gida, kuma ba kati ya kawo ta ba. Aka ce mata an rufe tebur, ta dawo baɗi. Ta mayar da ita jaka ta tafi.

Jiya aka kafa min ƙofa, ta ƙarfe, mai sakata biyu. Baba Orville kuwa harsasai ya saya da katinsa, tun da kantin kayan ginin ma yana sayarwa.

To ga mai tambaya ko bindigar araha ta cancanci saye, amsata ita ce ƙwarai kuwa, muddin ba harbi za ka yi da ita ba kuma zaɓe ya kusa. Na ji Mai Girma ya yi alkawarin ninka katin in ya zarce. Allah ya ba shi sa'a, rufin ɗakina ya fara yoyo.