Wani Yaro Ne Na Nan Gidan

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta ranar da Likita ya zo gidanmu a Getso ba, lokacin ana ta hidimar ƙaddamar da Shari'a.

Ciwon ƙoda ya ɗauke mahaifinmu, ya ɗauke wana. Mu dai sammu muke cewa. Likitan nan mutumin Kabo ne. Tun zamanin tsuke bakin aljihu abokansa suka tsere Saudiyya, shi ya zauna yana bin ƙauyuka yana binciken ciwon ƙodar da ake gado. Ya girke na'urarsa ta ɗaukar hoton ciki a zaurenmu, janareta na kuka a waje, ya ce zuriyar marigayi mahaifinmu kaɗai zai duba.

Na jero masa 'ya'yana. Sai ya nuna Habibu, ƙato da gemunsa, ya ce, "Wannan fa?"

To, Habibu ɗan farina ne. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, balle a ce "nawa ne" (wana ne ya riƙe shi, ni ko hannu ba ma yi). Ga mai unguwa, ga dattawa. Na dubi ƙasa na ce, "Wani yaro ne na nan gidan."

"To ya koma gefe."

Habibu ya koma gefe. Na san ƙafafun yaron nan suna kumbura, ta wutsiyar ido nake kallonsu a masallaci. Likita ya gama da kowa, ya fara naɗe waya. Na matsa na rage murya.

"Likita, wancan ɗin... ɗan wajen mai ɗakina ne."

"Au, agola ne?" Da ƙarfi kuwa.

Sai ga muryar mai ɗakin nawa daga bayan ƙofa: "Agola? Malam, da shi na zo maka?"

Ban san sanda na miƙe ba. "Wallahi ɗana ne! Habibu ɗana ne na cikina!" Zaure ya kece da dariya, mai unguwa har da ƙwarewa.

Likita ya kwantar da Habibu yana murmushi. "Tun shigowata na gane, Baba, kunnuwanku ɗaya. Ni ma ɗan fari ne. So nake ranar da jiki ya motsa masa a sami uban da zai kawo shi."

An ga ciwon, da sauran dama. Har yau yana shan maganinsa, 'ya'yansa ma an duba su.

Abin da na koya ke nan: ciwon nan bai san kunyar ɗan fari ba, ɗan farin ne ma ya fara kamawa cikin 'ya'yana. Ni kuwa har gobe a majalisa "Baban Agola" ake kirana.