Man Gyaɗa a Birki, Gawa a Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba ta tsakiyar damina, ranar da surukina ya rasu, ranar kuma da mutanen ƙauye biyu suka ga iyakar ilimina. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare kusa da Zakirai. A lokacin ina da wata tsohuwar mota mai dogon baya, ina ji da ita kamar ni na haife ta. Ina kuma da wani ciwo: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". (Mutumin da yake zana inji a kan allo duk shekara, ina shi ina zuwa tsugunawa gaban bakanike?)

Wata biyu motar nan ta yi tana kawo min ƙara, ina toshe kunne. Da farko birki ne ya yi laushi. In na taka sai ƙafata ta nutse kamar na taka dafaffiyar kabewa, sai na maimaita sau uku kafin ta yarda ta tsaya. Na leƙa na ga man birki ya yi ƙasa, shagon da ake sayarwa kuma sai Zakirai, kawai na shiga madafi na ɗauko kwalbar man gyaɗa na cika. A karatuna duk abu mai ruwa-ruwa ba ya matsuwa, to mene ne bambancin? Abin takaici ma, ya ɗan yi aiki na 'yan kwanaki, sai kaina ya ƙara girma.

Na biyu, tana cikin gudu sai ta shaƙe, in taka totur ta ƙi amsawa, can kuma ta zabura kamar ba ita ba. Nan take na yanke hukunci cewa fulogi ne. Sau uku ina kwance su ina kankarewa. Murfin tanki kuwa tun bazara ya ɓace, na samu totuwar masara na cusa a wurin, har ina yaba wa kaina dabara. Habu, bakaniken da ke bakin tashar Zakirai, ya taɓa jin kukanta ina wucewa, ya ce, "Malam, kawo ta in duba mana, ba na son yadda take numfashin nan." Na ce masa ƙaramin abu ne, na riga na gano shi.

Surukina, Malam Idi, ya yi mako biyu a kwance a wani asibiti cikin Kano. Matata Hadiza ita ce autarsa, kuma tana can gidansa tana wankan jegon haihuwarta ta fari, saboda haka ko sau ɗaya ba a bar ta ta je dubiya ba. Da hantsi rai ya yi halinsa. Muna tsaye a asibitin da yayanta Sale da Baffa Tanko, ƙanen mamacin, sai ga wayarta. Ban ji kuka a muryarta ba. Cewa kawai ta yi, "Don Allah ka kawo min Baba gida in ga fuskarsa kafin a fita da shi. Ban yi masa sallama ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kafin azahar muna ƙofar gida.

Yaya Sale ya ce bari ya nemo motar haya. Ni kuwa na yi caraf na ce, "Haba Yaya, da mota a gida? Ai abin kunya ne a ce surukina ya koma gida a motar haya." Aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa tabarma, aka sa gawar a lulluɓe da bargo, Baffa ya zauna a gefenta. Aka yi waya gida a haƙa kabari, jana'iza bayan azahar.

Ko Jogana ba mu kai ba ta fara halinta. Ta shaƙe, ta yi tari, ta mutu a gefen titi. Na fito na buɗe gaba, na kwance fulogi na busa, na goge da bakin rigata, na mayar. Ta tashi. (Daga baya na gane hutun da take samu ne yake tashinta, ba busar bakina ba.) Haka muka yi ta yi har sau biyar. A karo na uku Yaya Sale ya ce mu tare wata mota tun muna kan kwalta. Na ce saura kaɗan, ta kusa warwarewa. Azahar ta same mu a hanya, Hadiza ta kira sau huɗu, na daina ɗagawa.

Daf da la'asar muka sauka daga kwalta muka hau jar hanyar ƙauyensu. Akwai wani gangare da ke sauka zuwa rafi, dawa ta yi tsayi hagu da dama. A nan motar ta ga dama ta zabura. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na sake takawa, na sake, babu komai, kamar ina taka iska. Baffa yana salati, Yaya Sale yana cewa, "Tsaya! Tsaya mana!" kamar ni ne ba na so. Na ga rafi ya cika yana tahowa, na murɗa sitiyari muka faɗa gonar wani bawan Allah, muka kwantar da dawa kusan kunya ashirin kafin taɓo ya riƙe mu. Da motar ta tsaya, gawar ta zame ta daki bayan kujerata. Har yau in na zauna a mota ina jin wannan dukan a gadon bayana.

Mutanen wata 'yar unguwa da ke kusa suka firfito. Da suka ga abin da ke bayan motar, mai gonar ma ya haɗiye faɗan da ya zo da shi. Yaya Sale ya kira Habu, ya zo a kan babur. Ya taka birki, ya girgiza kai, ya buɗe ma'ajin man birki ya tsoma yatsa ya shanshana. Sannan ya ɗaga murfin sama, robarsa ta kumbura ta yi suntum, ya juyo.

"Malam, ƙuli-ƙuli kake toyawa a nan?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi min sauƙi. Ya ce man gyaɗa ya cinye duk robobin birkin, dama can akwai yoyo a birkin tayar baya, shi ne ya kamata a gyara tun farko. Ya zagaya ya zare totuwar daga bakin tanki, rabinta ta zagwanye. Ya kwance matatar mai ya zazzage a tafin hannunsa, ga ɓurɓushin totuwa nan cunkus.

"Wannan ne yake toshe mata mai. In ta huta ya kwanta, in ta yi gudu ya taso. Fuloginka lafiyarsu ƙalau." Ya dubi Yaya Sale ya ce, "Yau dai ba inda za ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo a bayana ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Ba shi ne malamin yaranmu ba?"

Hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Maƙabartar tana tsakaninmu da gari, jama'a kuma suna can zaune tun azahar. Baffa ya dubi sama ya ce in aka ce sai an kai shi gida an yi masa wanka an dawo, magariba za ta yi, ruwa kuma ya cika kabarin. Na buɗe baki na ce, "Baffa, Hadiza fa..." Ya ce, "Kai dai yi shiru haka nan." A zauren wani mutumin unguwar aka yi wa Malam Idi wanka, aka aiko da likkafani a babur, aka ɗauke shi a makara a ƙafa. Ni kunya ta hana ni shiga zauren, na tsaya a bayan katanga ina kallon ƙasa. Ana gama rufe shi ruwa ya sauko.

Washegari da safe na shiga yi wa Hadiza gaisuwa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har na haddace ban-haƙuri. Tana zaune a kan tabarma da jaririn a cinya. Ta amsa gaisuwata, ta ce Allah ya riga ya rubuta. Sannan ta ɗago ta ce, "To ai kai ka gan shi. Da aka yi masa wanka, yaya fuskarsa take? Ta yi haske?"

Ban gani ba. Ta jira, na kasa yi mata ƙarya, na kasa faɗa mata gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jijjiga yaron, ba ta sake tambayata ba har yau.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Wanda yake jin kunyar tambayar mutum ɗaya a gareji, wata rana zai sha amsar a gaban gari guda. Shi kuma da sauƙi, tunda kunya ce kawai rabonsa. Asarar, wani ne yake ɗauka.