Ranar da Na Ƙi Ba Surukina Baya

Ko zan manta da komai na sana'ata, ba zan taɓa mantawa da safiyar da surukina ya kawo mini motarsa ba. Haj Harun ke nan, manomin riɗi a Doka, mutumin da bai cika magana ba, in kuwa ya yi sai ka kwana biyu kana juya ta. Shekara tara ina auren 'yarsa, shekara tara yana wucewa ta ƙofar warshata, wato garejina, a Gadarif, ya ɗaga mini hannu, ya kai boksinsa, motarsa a-kori-kura, wurin wani makaniki. Ban taɓa cewa uffan ba, amma matata ta san abin yana ci mini rai, don kowace Sallah sai na yi mata mitarsa.

Kuma ba wai ni ƙaramin usta ba ne, wato gwanin makaniki, bari in faɗa tunda babu mai faɗa mini. A layinmu in aka ce janziri, ƙofata ake nunawa. Janziri shi ne sarƙar da ke cikin goshin inji, tana haɗa ƙafar haƙora ta ƙasa da ta sama, don bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistan ya ba shi wuri. Haƙori ɗaya in ya goce, mota ta rasa ƙarfi. In suka kai uku, fistan ya daki bawul, sai dai a yi wa mai mota jaje. Ina da doka guda da na ishi kowa da ita: kafin ka rufe murfi, sa sifana ka juya inji da hannu sau biyu, ka gani da idonka. Ina kuma da abin taƙama. Sabon shaddad, wato abin da ke tokare sarƙar ta yi tauri, yana zuwa ne a ɗaure da wani ɗan siririn fil mai zobe, sai ka gama ɗaurawa ka zare shi, shaddad ya saki jiki ya kama aiki. To ni duk fil ɗin da na zare ba na yarwa. Wata waya na ɗaura a bango nake zura su (wasu hoton Makka suke ratayewa, ni ga abin da na rataye).

Ranar, rana ba ta gama fitowa ba na ji boksi yana tafe yana ƙarar-ƙarar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Haj ya sauko, na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa.

"Usta," in ji shi, "riɗi ya nuna. Masu yanka goma sha huɗu suna jirana a kasuwa, ga ganga biyu ta ruwa. In ban kai su gona gobe da asuba ba, kalas, shi ke nan, sai dai tururuwa ta gode mini."

Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Riɗi ba ya jiran kowa. Kwana biyu in ka ƙara, kwanson ya buɗe baki ya zubar da wahalar damina a ƙasa. Kuma a kakar riɗi babu motar haya ko ta magani, kowa na kan tasa. Gonar nan ita ke ciyar da gidan Haj gaba ɗaya, har da buhun da ake aiko wa gidana.

Na kasa kunne minti ɗaya na gane ciwon: sarƙa ta miƙe, haƙora sun cinye. Na ce, "Baba, in sha Allah kafin azahar." Zuciyata fari ƙal. Yau dai ga ranata ta zo.

Sai Haj ya jawo kujerar roba, ya dasa ta daidai gaban motar, taku uku daga hancinta, ya zauna ya ɗora sanda a cinya.

To ga inda gizo ya saƙa. Aikin janziri daga gaba ake yin sa. Ka cire tankin ruwa, ka tsaya a goshin mota, ka sunkuya kanka a ciki. In kuwa ka sunkuya, kowa ya san ɓangaren jikinka da ke kallon wanda ke bayanka. Ni da ko shayi ban taɓa kurɓa a gaban mutumin nan ba, ni da ban taɓa kiran sunansa ba, yau in turo masa mazaunai a fuska har awa shida? Wallahi na kasa. In ce masa ya matsa? Wannan ma ya fi na farkon nauyi a bakina.

Sai na ƙirƙiro sabuwar hanyar gyaran mota da ba a taɓa gani a Gadarif ba. Na raɓe a gefen taya, na kwanta da haƙarƙari a kan ƙarfe, na miƙa hannu ta gefe, wuyana a karkace. In zan ɗauko sifana sai in ja da baya a kaikaice kamar ƙaguwa. Babikir, mai walda da ke maƙwabtaka da ni, ya leƙo da kofin jabanarsa, wato gahawa, ya tsaya yana kallona.

"Ya zol, mutumina, bayanka ne ya riƙe?"

"Lafiyata lau," na ce, ina harararsa.

Zuwansa ma ya yi mini rana. Ba zan iya yi wa suruki fahariya kai tsaye ba, amma ai babu laifi in yi wa Babikir bayani da ƙarfi. Na ɗaga tsohuwar ƙafar haƙoran na nuna masa yadda ta cinye. Na nuna masa ɗigon da ke jikin sabuwar, da yadda ake haɗa shi da zoben sarƙa mai launi. Na karanto dokata ta juyi biyu. Har wayar bango sai da na nuna, na ce kowane fil a nan mota ce da ta fita daga hannuna ba ta dawo ba (Babikir ya ji wannan karatun ya fi sau ɗari, amma ɗan halak ne, ya riƙa gyaɗa kai yana cewa ma sha Allah). Ta wutsiyar ido na ga Haj ya ɗaga kai ya dubi wayar. Kaina ya ƙara kumbura.

Ɗigo ya hau ɗigo, sarƙa ta zauna, shaddad ya ɗauru. Saura juyi biyu. Shi kuwa juyin nan babu yadda za a yi shi daga gefe, dole ka tsaya a tsakiya ka duƙa sosai ka ja doguwar sifana da ƙarfinka. Na dubi wurin, na saci kallon Haj, na ce a raina, ni da na yi wannan aikin shekara ashirin, yau ɗaya dai. Na shafa gam na rufe murfi.

Ana kiran azahar na ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Maƙwabta biyar sun taru, don labari ya zaga cewa Haj Harun ya kawo mota wurin surukinsa. Na goge hannu a tsanake, na shiga, na murɗa makulli.

Ƙarar da ta fito ta ninka wadda motar ta zo da ita. Inji ya yi tari, ya girgiza, wani abu ya yi ƙas a ciki. Na kashe kafin daƙiƙa uku. Har matar da ke sayar da jabana a bakin layinmu sai da ta daina fifita gawayinta.

Babikir, Allah Ya saka masa, ya yi wuf ya miƙo mini mafita. "Ma'alesh, yi haƙuri ya Haj, kayan gyaran yanzu ne. Duk jabu ne, kwali kawai ke da kyau." Sauran suka ce wallahi haka ne. Ni ma bakina ya fara shirin cewa haka ne.

Haj bai dubi motar ba. Bango yake kallo.

"Usta," ya ce a hankali, "ban ga ka rataye na tawa motar ba."

Na shafa aljihun riga. Wayam. Na shafa na wando. Fil ɗin yana can cikin inji, a jikin shaddad, a bayan murfin da na shafe da gam, ni kuwa na kunna mota da sarƙa sako-sako. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja murfi na shafa gam.

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba, amma na durƙusa na ce, "Baba, kaya ba su da laifi. Ni ne ban zare fil ba, ban kuma juya inji ba."

"Kai da ka gama yi wa Babikir wa'azi a kai?"

"Ni fa, Baba." Na sunkuyar da kai. "Kunyar ba ka baya nake ji."

Babikir ya fesar da jabanar bakinsa. Sauran suka juya fuska, kafaɗunsu na rawa. Haj bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa da kansa, ya kai ta bakin ƙofa ya juya ta tana kallon titi, ya zauna.

"To ga shi ni na ba ka nawa," ya ce. "Ladabinka na gani shekara tara. Yau aikinka na zo gani."

Jama'a, a nan ne na zama usta. Na tsaya a tsakiyar goshin motar nan na duƙa yadda Allah Ya hore mini. Tankin ruwa ya sake fita, murfi ya sake buɗewa, ga fil yana kallona da zobensa. Sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya tak. Na mayar da ita, na zare fil, na ji shaddad ya yi ƙyas ya kama. Na sa sifana na juya, ba sau biyu ba, sau shida, ina jin kowane fistan a tafin hannuna, ina addu'ar kada in ji ya tokare. Bai tokare ba, bawul ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Aikin da ya ci mini awa shida a karkace, na gama shi a awa uku a miƙe. La'asar sakaliya na murɗa makulli, inji ya tashi lumui, har sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji irin na ranar ba.

Na nufi bango zan zura fil a waya, Haj ya miƙo tafin hannu ba tare da ya waiwayo ba. Na ɗora masa. Ya zura shi a zoben makullinsa, ya shiga mota ya nufi kasuwa ɗaukar mutanensa.

An yanke riɗin a kan kari. Buhunmu ya iso bayan sati uku, kuma boksin ne ya kawo shi, tare da wani manomi daga Basunda da Haj ya jawo da tasa motar. A gabana ya ce masa, "Wannan surukina ne. In ya ɓata zai faɗa maka da bakinsa." Daga nan ya ɗauki kujera da kansa ya kai bakin ƙofa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu duk wanda ya kawo mini janziri, ko limamin unguwa ne, titi nake sa shi kallo. Wayata ta kusa cika, amma na san fil ɗaya babu a ciki. Yana Doka yana lilo a makullin Haj, kuma duk Sallah in na je gaisuwa na durƙusa, sai ya ajiye makullin a kan tabarma daidai inda idona zai sauka.