Masu Gadin Gurbin Tabawa

A wani daji da ke tsakanin dutse da kogi akwai wata fadama ta zabi. Dutsen na Gaggafa ne, kogin kuma na Mesa, manya biyu da ba sa shan inuwa ɗaya. Kullum sai an ji wannan ya ja wa wancan kunne, amma ko tsofaffin fadamar ba su taɓa ganin ɗaya ya ko yakushi ɗaya ba.

Su zabi tun kaka da kakanni dabararsu guda ce. Idan damina ta kankama, kowace zabuwa sai ta sulale cikin ciyawa ta yi gurbinta inda ko mijinta bai sani ba. Wannan ce kaɗai harkar da zabo ke iya yi baki rufe, domin dai kowa ya san halinsu: ko ganye ne ya faɗo sai sun tara wa daji jama'a da kwarmato.

Tabawa tsohuwar zabuwa ce, ƙwanta na bara ambaliya ta tafi da shi, kuma jikinta ya gaya mata cewa na bana shi ne na ƙarshe. Ta samu wani lungu ƙarƙashin sarƙaƙiya ta zuba abinta, ta hau kwanci. Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga 'yan tsaki na bin ta a baya.

To, a wannan daminar ce aka naɗa yayanta Jatau Sarkin Yaƙi, bawan Allah da ko da ƙadangare bai taɓa yin faɗa ba. Bai daɗe da naɗi ba sai ga Hankaka, jakadan Gaggafa, ya sauka a majalisa da farin ƙirjinsa fes.

"Ranka ya daɗe," in ji Hankaka, "maigidana ba ya iya barci saboda tunaninku. Mesa na matsowa, ku kuwa kuna nan da tsaro irin na zamanin da, wai ɓuya a ciyawa. Mu muna da Idon Sama, wanda daga cikin gajimare yake hango tururuwa da abin da ta ɗauko. Kyauta za mu ba ku. Sai dai ido ba ya gadin abin da bai san inda yake ba. Kowace ta nuna mana gurbinta, shi ke nan, ta yi kwancinta da minshari."

Jatau ya ji an ce da shi ranka ya daɗe, kansa ya yi girma, ya amince nan take. Kafin ya gama gyara zama sai ga Guza, jakadan Mesa, yana jan ciki yana lasar baki.

"Mun ji abin da kuka yi, ba mu kuwa yi fushi ba," in ji Guza. "Amma wanda ya nuna wa dutse ɗakinsa ya hana kogi, ya zaɓi ɓangare ke nan. Mu Kunnen Ƙasa gare mu, yana jin takun ɓarawo tun bai yanke shawarar sata ba. Ku nuna mana abin da kuka nuna musu, don a samu daidaito."

Aka nuna wa kowa, Jatau ya ce wannan ita ce siyasar 'yan ba-ruwanmu. Babu wanda ya tambayi abin da hankaka da guza ke karya kumallo da shi, don tambayar baƙo irin wannan rashin ladabi ne.

Ba a jima ba ƙwai ya fara ɓacewa. Hankaka ya ce aikin kogi ne, ya ƙaro 'yan'uwansa masu sa ido. Guza ya ce aikin dutse ne, shi ma ya ƙaro nasa masu kasa kunne. Tsaro na ƙaruwa, gurabe na zama wayam, har aka wayi gari gurbi ɗaya ne ya rage a fadamar, na Tabawa, wadda ta yi kunnen uwar shegu da umarnin majalisa.

Jatau ya tare ta a bakin ruwa da hantsi, ta fito jiƙa maƙoshi.

"Tabawa, jakadu sun ce gurbinki ne kafar da abokan gaba ke shigowa ta ciki. Har an fara cewa ke 'yar leƙen asiri ce."

"Yaya, asirin wa zan leƙa? Ƙwaina nake kwanci."

"A bakin aiki nake, ki daina ce mini Yaya. Ni kaɗai za ki gaya wa. Na rantse ba zan faɗa wa Hankaka ba, ba zan faɗa wa Guza ba. In kin ƙi, majalisa za ta kore ki daga fadamar, ki bar ƙwan ya huce."

Ta dubi wannan sanƙon kan da suka fito gurbi ɗaya da shi, tsoro da tausayi suka kama ta, ta raɗa masa wurin.

Allah ya sani Jatau bai karya rantsuwa ba. Ya dai ayyana gurbin a matsayin babban sirrin ƙasa, kuma babban sirri ai ba a barinsa haka nan babu gadi. Ya zaɓo ƙartin zabi masu murya ya kewaye sarƙaƙiyar da su. Su kuwa suka kama aiki bil haƙƙi, ko fara ce ta gifta sai su ɗaga wuya gaba ɗaya: "Babu komai a nan! A wuce, babu komai a nan!"

Tabawa na ciki tana roƙonsu su yi wa Allah su yi shiru, suka ce ba daga wurinta suke karɓar umarni ba. A ƙarƙashinta kuwa ta fara jin ƙwas-ƙwas, 'ya'yan sun soma bugun ɓawo.

Rana ba ta yi tsaka ba Hankaka ya sauka ta gabas, Guza ya ɓullo ta yamma. Suka yi cirko-cirko, kowa na cewa ɗayan ne ya ɓoye makami a sarƙaƙiyar. Jatau ya shiga tsakani, ya ba da shawarar a yi binciken haɗin gwiwa. Abin mamaki, a karon farko a tarihin dajin, dutse da kogi suka yarda da magana ɗaya.

"Hajiya, ɗan ɗaga mana," in ji Hankaka cikin ladabi.

Ta ƙi. Ta baje fukafukai, ta kafe, ta sari Guza a hanci. Masu gadinta ne da kansu suka janye ta, saboda tana kawo cikas ga zaman lafiya. Jakadun suka ce abin da aka samu yana bukatar gwaji, suka raba shi biyu daidai wa daida don kada wani ɓangare ya fi wani, suka yi gwajin nan take a gabanta.

"Yaya," ta ce, "har sun fara motsi fa."

"Ki yi haƙuri," in ji Jatau, yana gyara tsayuwa tsakanin jakadun. "Yau ranar tarihi ce."

Aka yi biki, Gaggafa da Mesa kowanne ya aiko wa Sarkin Yaƙi da lambar yabo. Tun daga wannan daminar, ba a sake kawo ƙarar satar ƙwai a fadamar ba.